Zanen Barkwanci a Kan Yahudawa: Wanne Ne Wasa, Wanne Ne Zambo?

Ranar Lahadin da muka yi sujadar godiyar kaka a nan Dayi, bayan an tashi ana ta kwashe dammunan dawa da buhunan masara da waken suya da aka kawo baiko, sai wani saurayi cikin mawaƙanmu mai suna Ishaku ya tare ni a bakin ƙofa da waya a hannu. Ya ce, "Baba Fasto, don Allah duba mini waɗannan. Duka biyun na yi musu dariya, amma zuciyata ta ƙi kwanciya."

Zanen barkwanci ne guda biyu da abokansa suka turo masa, irin waɗanda ake cirowa daga mujallun ƙasashen waje. A na fari, wani tsohon manomi Bayahude ne da 'yar hularsa a tsakar ka, yana kwance a inuwar itacen zaitun, sansa na huɗa yana gefe yana tuƙa. Matarsa tana tsaye da muciya a hannu, gumi na zuba, tana ce masa gona na hutu, sa na hutu, shi ma yana hutu, to ita yaushe tata shekara ta bakwai za ta zo? A na biyu, an zana wani mutum mai ƙaton hanci lanƙwasasse da yatsu kamar faratan ungulu, da tauraro mai kusurwa shida a ƙirji. Yana zaune a kan tulin buhunan alkama, yara masu yunwa suna ƙasa suna miƙo masa kwano. Wani ya ƙara rubutu da Hausa a ƙarƙashi: Bayahude ke nan.

Na ce wa Ishaku na farkon ya yi dariyarsa da zuciya ɗaya, na biyun kuwa ya share shi. Ya tambaye ni dalili, tun da duka a kan Yahudawa ne, duka kuma a kan abinci da gona. Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa, shi ya sa na rubuta wannan koyarwa domin mu duka.

Yadda zanen barkwanci yake aiki

Mai zanen barkwanci yakan ɗauki abu guda a jikin mutum ko a halinsa ya kumbura shi, har mai kallo ya gane saƙon kafin ya karanta ko kalma ɗaya. Nan ƙarfinsa yake, domin yana isa ga wanda bai yi boko ba, yana kuma daɗewa a kai fiye da doguwar magana. A Najeriya, tun a shekarun 1940 Akinola Lasekan yake zane a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe yana caccakar mulkin mallaka. A zamaninmu, duk mai duba Daily Trust ya san zanen Mustapha Bulama, wanda yakan sa manyan 'yan siyasa su ga kansu yadda talaka yake ganinsu. Wannan aiki ne mai amfani. Annabi Iliya ma ya yi wa annabawan Ba'al ba'a a kan Dutsen Karmel (1 Sarakuna 18), a lokacin da suke da ɗaurin gindin fada.

Sai dai wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. Kafin mu iya raba zane mai kyau da mugu, ya kamata mu san ainihin al'adun da ake zanawa.

Abincin da ake yawan zanawa

Yahudawa a duniya yau kimanin miliyan 15 ne. Kusan rabinsu suna Isra'ila, mafi yawan sauran kuma suna Amurka. Ba dukansu ne suke kiyaye dokokin abinci ba, kamar yadda ba kowane mai suna Bitrus ne yake zuwa sujada ba. Masu kiyayewa suna kiran abincin da ya halatta kosha, tushensa kuma yana cikin Littafin Firistoci sura 11 da Maimaitawar Shari'a sura 14.

Dabbar da za a ci sai ta haɗa abu biyu: tana tuƙa, kofatonta kuma a rabe yake. Saniya da tunkiya da akuya sun shiga. Alade bai shiga ba, haka ma zomo da raƙumi. Kifi sai mai ƙege da kamɓori, wato ɓawon nan da ake kankarewa. Saboda haka Bayahude mai kiyaye doka zai ci karfasa, amma ba zai taɓa farfesun tarwaɗa ba. Abin da zai ba mu mamaki shi ne an halatta wasu irin fara, kuma Yahudawan ƙasar Yaman sun daɗe suna cinta kamar yadda muke soya ta da yaji. Jini haramun ne, don haka bayan yanka sukan jiƙa naman su barbaɗe shi da gishiri ya tsotse sauran jinin.

Dokar da ta fi haifar da barkwanci ita ce ta raba nama da madara. Sau uku Attaura ta hana dafa ɗan akuya a cikin nonon uwarsa (Fitowa 23:19 da 34:26, da Maimaitawar Shari'a 14:21). Daga nan malamansu suka gina katanga: tukwanen nama dabam, na madara dabam, har cokula da soson wanke-wanke. Wanda ya ci nama yakan jira, a wasu gidaje har awa shida, kafin ya sha madara. Da a kasuwarmu ne, ba zai ci tsire ya kora da fura da nono ba. Shi ya sa za ka ga zanen uwar gida tana bin cokali ɗaya da gudu kamar ɓarawo, don ya faɗa cikin kwanon da ba nasa ba.

Ranar Asabar ba a hura wuta (Fitowa 35:3), don haka tun Jumma'a da rana ake ɗora wani dahuwar wake da nama da dankali a bar shi ya kwana a kan ɗumi. A kan tebur akan ajiye burodi biyu, domin tunawa da mannar da aka riƙa tarawa ninki biyu a rana ta shida. A Idin Ƙetarewa kuma akan share gida kaf a fitar da duk abin da yisti ya taɓa, a ci gurasa marar yisti busasshiya har mako guda. Wanda yake da kayan yisti masu yawa yakan sayar wa wanda ba Bayahude ba kafin idi, ya saye su bayan idi. Manyan malaman Isra'ila sun yi shekaru suna sayar da na gwamnati gaba ɗaya ga wani Balarabe Musulmi na garin Abu Ghosh kusa da Urushalima. Su da kansu sun san abin yana da ban dariya, suna kuma zana shi kowace shekara.

Gona da shekara ta bakwai

Zanen farko na Ishaku ya tsaya ne a kan Littafin Firistoci sura 25, inda Allah ya umarci Isra'ila su yi noma shekara shida, a ta bakwai su bar ƙasa ta huta. Abin da ya tsiro da kansa na kowa ne, har da matalauta da dabbobi. Kakanninmu sun san amfanin barin gona ta zama saura, kafin mutane su yi yawa ƙasa ta ƙuntata har muka koma dogara ga takin zamani. Har yau ana lissafin wannan shekara a Isra'ila. Ta baya ta fara a Satumban 2021 ta ƙare a Satumban 2022, mai zuwa kuma za ta fara a ƙarshen damina ta 2028.

To, yaya ƙasa guda za ta yi shekara ba shuka? Tun a 1888 wasu malamansu suka ba da izini a sayar da gonaki ga wanda ba Bayahude ba na tsawon shekarar, a ci gaba da aiki a ciki. Wasu malaman sun ƙi, suka ce wayo ne ake yi wa doka. Mabiyansu sukan sayi kayan miya daga manoma Larabawa ko daga ƙasashen waje, wasu kuma su yi shuka a cikin rumfa a kan tebura, yadda saiwa ba za ta taɓa ƙasa ba. Gardamar tana dawowa duk bayan shekara bakwai, masu zane kuma suna samun abin yi.

Akwai wasu dokokin gona da manomin Dayi zai gane nan take. An hana girbe gona har gefe, an kuma hana komawa a tsince abin da ya zube, domin rabon matalauci ne da baƙo (Littafin Firistoci 19:9-10). Wannan ita ce kala da mata da yara suke yi bayan an cire gyaɗa, ita ce kuma ta kai Rut gonar Bo'aza. An hana haɗa sa da jaki a garma ɗaya, an hana ɗaure bakin sa yana sussuka. Daminarsu tana zuwa ne a lokacin sanyinmu, don haka suna girbin sha'ir wajen Idin Ƙetarewa, alkama kuma wajen Fentikos, daidai lokacin da mu muke jiran ruwan shuka. A Idin Bukkoki kowane gida yakan kafa bukka mai rufin ganye, kamar ta mai gadin gona, a ci abinci a ciki kwana bakwai.

Amma ɗaruruwan shekaru da Yahudawa suka yi a Turai, a wurare da yawa an hana su mallakar gona. A daular Rasha, dokar 1882 ta hana su sayen fili a karkara. Da suka fara komawa noma, yawancinsu 'yan birni ne da ɗalibai da ba su taɓa riƙe fartanya ba. A 1910 aka kafa Deganiya a bakin Tekun Galili, ƙauyen haɗin gwiwa na farko irin wanda suke kira kibus. Kamar babban gandu ne: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, sai dai ba uba ɗaya ya haife su ba. Yau akwai irinsa kusan 270. A ɗaya daga cikinsu, Hatzerim kusa da Biyer-sheba, inda ruwan shekara bai kai kashi ɗaya cikin uku na namu ba, aka kafa kamfanin Netafim a 1965 bisa dabarar injiniya Simcha Blass ta ɗiga wa kowane tsiro ruwa a gindinsa. Gwamnatin Jihar Yamma ta Obafemi Awolowo ta kwaikwayi tsarin ƙauyukan noman Isra'ila a 1959. Daga wannan tarihi aka sami zanen malami mai tabarau da ya buɗe littafi a gaban saniya yana neman shafin da ya yi bayanin tatsa.

Mutanen da suka iya yi wa kansu dariya

Yawancin irin wannan zane Yahudawa ne da kansu suke yinsa. Mujallar barkwanci ta MAD, wadda aka fara a New York a 1952, Harvey Kurtzman ne editanta na farko, kuma Al Jaffee ya yi mata zane har ya kai shekara 99. Dukansu 'ya'yan Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai. A Isra'ila, Kariel Gardosh, wanda aka fi sani da Dosh, ya tsira daga kisan 'yan Nazi, ya zo ya ƙirƙiro wani yaro mai suna Srulik a shekarun 1950, da gajeren wando da takalmin fata da hular 'yan gona, ya zama hoton ƙasar a jaridar Maariv. Yaakov Kirschen kuma ya fara zanensa a Jerusalem Post a 1973, ya sa masa suna Dry Bones, wato busassun ƙasusuwa, daga wahayin Ezekiyel sura 37.

Suna da wata tatsuniya da nake so. Wani talaka ya je wurin malaminsu yana kuka, ya ce ɗaki ɗaya gare shi, ga mata, ga 'ya'ya shida, ga surukuwa, ya rasa inda zai miƙe ƙafa. Malam ya ce ya shigar da kajinsa ɗakin. Bayan mako ya dawo yana cewa abin ya ƙaru, malam ya ce ya ƙara da akuya. Mako na gaba aka ce ya ƙara da saniya. Da mutumin ya kusa haukacewa, malam ya ce ya fitar da dabbobin duka. Washegari ya dawo yana godiya, yana cewa bai taɓa sanin ɗakinsa yana da faɗi haka ba.

Wanda ya ƙirƙiro wannan labari ya san talauci daga ciki. Haka ma wanda ya zana matar manomin nan ya san dokar shekara ta bakwai, ya kuma san aikin mace ba ya ƙarewa. Da na ba 'yan zumuntar mata labarin zanen, sai da wata dattijuwa ta ce a tambaya mata ko matar 'yar Dayi ce.

Wannan hali yana da tushe a Littafi Mai Tsarki. Sunan Ishaku ma'anarsa dariya (Farawa 21). Littafin Ƙidaya sura 11 bai ɓoye yadda mutanen da aka fitar daga bauta suka zauna suna kukan kifi da kankana da albasa da tafarnuwar Masar ba. Ubangijinmu Yesu, wanda Bayahude ne, ya yi wa malaman Attaura hoto da baki a Matiyu 23:24: mutum yana ta wahalar tace ɗan ƙwaro daga abin shansa, amma ya haɗiye raƙumi sukutum. Masu sauraronsa sun gane nan take, domin ƙwaron da raƙumin duka haramun ne a dokar abincinsu. Ɗan gida ne yake tsauta wa shugabannin gidansu, a kan sun manta da adalci da jinƙai.

Inda zane na biyu ya fito

Zane na biyu tsohon abu ne, kuma abin kunyar shi ne a ƙasashen Kirista ya girma. A jikin bangon majami'ar garin Wittenberg a Jamus, inda Martin Luther ya yi wa'azi, akwai sassaƙen dutse da aka yi wajen shekara ta 1300. Yana nuna Yahudawa suna shan nonon alade. An zaɓi dabbar da suka fi ƙyama domin a wulakanta su, aka kuma ɗora a ɗakin sujada. Luther da kansa, wanda muke girmamawa saboda koyarwar ceto ta wurin bangaskiya, ya rubuta munanan kalamai a kan Yahudawa a 1543. A 1988 ikkilisiyar garin ta kafa alamar tuba da tunawa a ƙarƙashin sassaƙen, a 2022 kuma babbar kotun Jamus ta yarda a bar shi a wurin tare da bayanin da aka kafa.

A 1144 a garin Norwich na Ingila aka zargi Yahudawa da kashe wani yaro. Daga baya aka ƙara wa ƙaryar gishiri, wai da jinin yaran Kirista suke cuɗa gurasar Idin Ƙetarewa. Ku tuna, mutanen da ba sa cin jinin kaza ma ake yi wa wannan ƙazafi. Duk da haka an kashe Yahudawa da yawa a kansa. Hoton mai rungume da jakar kuɗi ma yana da tarihi. An hana su gona da sana'o'i da yawa, ikkilisiya kuma ta hana Kirista ba da bashi da ruwa, sai aka bar wa wasunsu wannan sana'a, aka dawo ana zagin dukansu da ita.

A 1923 Julius Streicher ya kafa jaridar Der Stürmer a Nuremberg. Kowane mako tana fitowa da zane irin wanda ke wayar Ishaku: ƙaton hanci, faratan ungulu, jakar kuɗi. A watan Mayu na 1934 ta fitar da bugu na musamman a kan ƙaryar jinin nan. Ana manna shafukanta a allunan bakin titi, yaran makaranta suna tsayawa suna dariya. Kafin yaƙi ya ƙare a 1945, an kashe Yahudawa miliyan 6. Kotun Nuremberg ta sami Streicher da laifi saboda tunzura mutane da ya yi da jaridarsa, aka rataye shi ranar 16 ga Oktoba 1946. A nan Afirka ma, mujallar Kangura ta Ruwanda ta yi wa 'yan Tutsi irin wannan zane kafin kisan 1994, kotun duniya da ta zauna a Arusha kuma ta hukunta editanta a 2003.

Mun san wannan a gida

Bahaushe ba baƙon wasa ba ne. Muna da wasan taubashi, muna da na Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa. Amma wasan yana da ƙa'ida. Kowane ɓangare yana da bakin ramawa, ana yinsa ido da ido, kuma ranar da abokin wasanka ya shiga uku kai ne na farko a ƙofarsa. Idan aka cire waɗannan, abin da ya rage zambo ne.

Da yawa cikinmu a ƙasar Malumfashi da Kafur jikokin Maguzawa ne. Mun san labaran "wani Bamaguje" da ake bayarwa a majalisa, inda kullum shi ne wawa ko mashayi. Ina yaro a makaranta, an taɓa zana ni a allo da tulun burkutu a ka, aji duka ya fashe da dariya, alhali mahaifina bai taɓa kai giya bakinsa ba tun da ya karɓi Almasihu. Na yi dariya tare da su don kada a ga hawayena. Wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata ya ɗora wa wani ba.

Duk da haka, a bakinmu mu ma akwai kalmar. Idan ɗan kasuwa ya ɓoye masara yana jiran tsada, sai ka ji an ce, "Wannan ai Bayahude ne." Ɓoye hatsi lokacin yunwa mugunta ce, Karin Magana 11:26 ta kuma la'anci mai yinta. Amma masu ɓoye hatsi a kasuwanninmu mun san su, 'yan garinmu ne, wasunsu ma muna zama benci ɗaya da su ranar Lahadi. Yawancinmu ba mu taɓa ganin Bayahude da ido ba. Zane na biyu ya ɗauki fushin da muke da dalilin yi, ya juya shi kan mutanen da ba su ci mana komai ba.

Mun kuma ga abin da zane yake iya jawowa. A Satumban 2005 wata jarida a ƙasar Denmak ta buga zanen ɓatanci ga Annabin Musulunci. Ranar 18 ga Fabrairu 2006 rikici ya ɓarke a Maiduguri, aka ƙone majami'u aka kashe Kirista, bayan 'yan kwanaki kuma aka yi ramuwa a kan Musulmi 'yan Arewa a Onitsha. Babu abin da ya halatta wannan kisa, ta kowane ɓangare. Waɗanda suka mutu ba su suka yi zanen ba, da yawansu ma ba su taɓa ganinsa ba.

Yadda mai bi zai auna

Mu Kirista ba a ɗora mana dokokin abincin nan ba. Markus sura 7, wahayin Bitrus a Ayyukan Manzanni sura 10, da shawarar Urushalima a sura 15 sun warware wannan. Ba sai mun daina cin tarwaɗa ko mun fara kiyaye idodinsu kafin mu sami karɓuwa wurin Allah ba. Amma Romawa sura 14 ta gargaɗi mai ci kada ya raina marar ci. A sura 11 kuma Manzo Bulus ya yi mana misali da aikin lambu: mu reshen zaitun na jeji ne da aka ɗaura a jikin itacen gida, saiwar ce take ɗauke da mu, don haka ba mu da abin fahariya. Masu cewa Yahudawa ne suka kashe Yesu su tuna Maryamu da Bitrus da Yahaya da Bulus duka Yahudawa ne, gwamnan Roma ne ya ba da umarnin gicciye shi, zunubinmu kuma shi ya kai shi can.

Idan zane ya shigo wayarka, ka yi wa kanka waɗannan tambayoyi kafin ka tura wa wani.

Da Bayahude yana zaune kusa da ni, zan iya nuna masa mu yi dariya tare?

Abin da ake wa dariyar, hali ne irin na kowane ɗan Adam, kamar gardamar miji da mata da son abinci da neman hanyar kauce wa doka, ko kuwa ana cewa ne jinsin mutanen gaba ɗaya mugaye ne?

An bar mutumin da kamanninsa na mutum, ko an mai da shi ungulu, ɓera ko maciji?

Abin da zanen ya dogara a kai gaskiya ne? Shekara ta bakwai gaskiya ce. Jini a cikin gurasa ƙarya ce.

Sukar abin da gwamnatin Isra'ila ta yi, kamar sukar kowace gwamnati, magana ce dabam, Yahudawa da kansu suna yinta kullum a jaridunsu. Amma idan mai suka ya ɗauko ƙaton hanci da jakar kuɗi, ya bar maganar gwamnati ya koma gonar Streicher. Wannan ma'auni kuma bai tsaya kan Yahudawa ba. Da shi za mu auna zanen da ake yi wa maƙwabtanmu Musulmi a kan azuminsu ko sallarsu, da wanda ake yi wa Fulani, da na kowace ƙabila. Karin Magana 26:18-19 ta kwatanta mai cutar maƙwabcinsa sannan ya ce wasa yake yi da mahaukacin da ke harba kibau masu wuta. Magana zarar bunu ce, zanen da ka tura kuma ba ka da ikon dawo da shi.

Ina roƙon shugabannin matasa da malaman makarantar Lahadi su ɗauki wannan batu su tattauna da yaranmu, domin a hannunsu wayoyin suke. Kada mu hana su dariya. Gidan mai bi ya kamata ya cika da ita, kuma muna da abin yi wa kanmu dariya da yawa, tun daga taron kwamiti da ba ya ƙarewa har zuwa yadda cinyar kaza take sanin hanyar kwanon fasto.

Ishaku ya share zane na biyu, ya kuma rubuta wa abokin da ya turo masa dalilinsa. Abokin ya ce masa ai wasa ne kawai. Ishaku ya tambaye shi ko zai so a zana kakansa haka, har yanzu bai amsa ba. Na farkon kuwa ya nuna wa mahaifiyarsa, ita kuma ta ce a nuna wa mahaifinsa.

Ubangiji ya tsare bakinmu da hannuwanmu, ya ba mu farin cikin da ba ya sa wani kuka. Amin.